Kujerar jaririya ta haɗa ni da surukata: in ajiye ta don a zauna lafiya?

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai shekara 24, ina zaune a Birnin Kebbi, kuma wata uku ke nan da Allah Ya ba ni haihuwar fari, 'ya mace. Ranar suna yayata da ke aure a Abuja ta kawo mini kujerar nan ta jarirai da ake ɗaurawa a mota, wadda ta saya a wurin masu gwanjo. Tun da na koma ɗakina bayan arba'in nake sa yarinyar a ciki idan maigidana zai kai mu rigakafi ko unguwa. Matsala ta taso da mahaifiyarsa, Hajiya, ta zo daga Yauri ta yi mana makonni. Ranar da ta fara ganin na ɗaure yarinyar ta ce rashin tausayi ne, ita ta haifi takwas ta goye su ba ta taɓa ɗaure ko ɗaya kamar kaya ba, kuma Allah ne ke tsarewa ba roba ba. Ta ciro ta, ta rungume ta a kujerar gaba. Maigidana bai ce komai ba, sai da muka dawo ya ce in yi haƙuri, ai cikin gari ne kuma a hankali yake tuƙi. Gaskiya yarinyar tana kuka a cikin kujerar, tana gumi, wani lokaci kanta yakan langaɓe gaba, ni ma nakan ciro ta in ba ta nono mota na tafiya. Ƙarshen watan nan za mu mayar da Hajiya Yauri tare da ƙanwar maigidana da ɗan wansa mai shekara 8, kuma an ce a bar kujerar a gida saboda wuri. Dangin miji sun fara cewa boko ya yi mini yawa, ga rashin alkunya a kan 'yar fari. Ina girmama Hajiya, ba ta taɓa cutar da ni ba. In ajiye kujerar don a zauna lafiya, ko yaya zan yi?

Daga wata uwa, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da arziki, Allah Ya raya miki ita, Ya sa mai jin ƙan iyayenta ce, ke kuma Ya ƙara miki lafiyar shayarwa.

Kada ki ajiye kujerar nan. Na fara da wannan ne domin ki san inda na tsaya tun kafin mu shiga bayani. A kan ainihin maganar kina da gaskiya, kuma damuwar da ke hana ki barci damuwa ce ta uwa mai hankali, ba yawan boko ba. Abin da ya rage shi ne yadda za a bi a tabbatar da kujerar a motar gidanku ba tare da an zubar wa Hajiya da girma ba, da kuma gyara wasu kurakurai da na hango a yadda ake sa yarinyar a ciki, domin wasu daga cikin ƙorafin Hajiya suna da tushe.

Ya kamata ki fahimci dalilin sosai, saboda wanda ya san dalilin abu ba ya buƙatar ɗaga murya wajen kare shi. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, wanda gudu ne na cikin gari da kowane direba ke yi idan titi ya buɗe, sai ta yi karo ta tsaya nan take, duk abin da ke cikinta wanda ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai ya bugi wani abu. Masana kiyaye haɗurra sun ƙiyasta cewa a wannan ɗan lokacin nauyin jiki yakan ninka kusan sau 30. Ke nan jaririya mai kilo 5 za ta fizge daga hannun mai riƙe da ita da nauyin kilo 150, wato buhu uku na shinkafa, cikin ƙiftawar ido, kafin hankalin mutum ya gane abin da ke faruwa. Babu hannun da zai riƙe wannan, na Hajiya ne, naki ne, ko na ƙaton da ke dako a kasuwa. Idan mai riƙon ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne jaririyar a jikin dashbod, idan kuma ta zagaya bel ɗaya a kansu su biyu, nauyinta ne zai matse yarinyar a jikin bel ɗin. Kujerar gaba tana da ƙarin haɗari, domin jakar iskar nan da kanikawa ke kira eyabag tana fitowa da gudun da kan kai wajen kilomita 300 a awa, kuma an ƙera ta ne domin ƙirjin babban mutum, ba domin kan jariri ba.

Akwai kuma halittar jaririn kansa. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali wuyansa bai yi ƙwari ba, shi ya sa muke tallafe shi duk lokacin da za mu ɗauke shi. Wannan ne dalilin da ya sa ake juya kujerar jarirai ta fuskanci bayan mota: idan aka yi karo ta gaba, bayan kujerar ne ke karɓar kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya, maimakon kan ya fizgu gaba ya bar jiki. Ƙa'idar Turai ta yanzu ta wajabta wannan zama har yaro ya kai wata 15, likitocin yara na Amurka kuma suna ba da shawarar a ci gaba da shi muddin yaron bai wuce nauyi da tsawon da kujerar ta ƙayyade ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da irin wannan kujera na iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari. Maganar maigidanki cewa a hankali yake tuƙi na yarda da ita, amma ba shi kaɗai ke kan titi ba. Ɗan kabu-kabun da zai shigo ta hannun da ba nasa ba, ko akuyar da za ta tsallaka, ko yaron da zai biyo ƙwallo da gudu, kowannensu ya isa ya sa a taka birki da ƙarfi, kuma birki kaɗai ya isa ya fitar da jaririya daga cinya ko da motar ba ta taɓa komai ba.

Yanzu mu koma ga Hajiya, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Matar da ta haifi takwas, ta goye su a bayanta, ta kwana zaune da su lokacin haƙori da zazzaɓi, idan ta ga an sa jikarta a cikin roba an ɗaure alhali ga ta zaune hannu sake, abin da zuciyarta ke ji shi ne an ce hannunta ba abin amincewa ba ne. Ba ki faɗi haka ba, ba ki kuma yi nufin haka ba, amma haka saƙon ya isa gare ta, daga bakin yarinyar da jiya-jiya aka kawo gidan ɗanta. Ga kuma al'adarmu, wadda ta ba kaka iko na musamman a kan ɗan fari, har uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya. Don haka ranar da ta ciro yarinyar ta rungume, ba ƙiyayya ta nuna miki ba, ta karɓi abin da take ganin haƙƙinta ne, kuma ta yi shi ne da ƙauna. Ke da ita abu ɗaya kuke so, wato yarinyar ta rayu cikin lafiya, sai dai ita ba a taɓa zaunar da ita an bayyana mata abin da ke faruwa a cikin mota lokacin karo ba. Ina roƙon ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da maganarta ta yi miki ɗaci, domin zai sauya yadda fuskarki da muryarki za su kasance a gabanta.

Game da masu cewa ba ki da alkunya, ki bar su da shiru da fara'a. Alkunyar ɗan fari ta shafi kiran suna da wasa da yaro a bainar jama'a, ba ta taɓa nufin uwa ta ga abin da zai cutar da ɗanta ta kawar da kai ba. Su kansu ba su hana a yi wa yarinyar allurar rigakafi don tana kuka ba. Maganar cewa Allah ne ke tsarewa kuwa gaskiya ce da babu Musulmin da zai yi jayayya da ita, kuma kada ki kuskura ki amsa ta da wani abu mai kama da musu. Sai dai a cikin Suratu Yusuf, Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya umarci 'ya'yansa kada su shiga gari ta ƙofa ɗaya, su rarrabu ta ƙofofi daban-daban, sannan a cikin ayar nan ɗaya ya ce shi ba zai iya kare su daga abin da Allah Ya hukunta ba, gare Shi ya dogara. Uba ne da ya yi wa 'ya'yansa dabarar tsaro kuma bai ga ta ci karo da tawakkalinsa ba. Wannan magana ta fi kyau ta fito daga bakin ɗanta ko wani malami da take jin maganarsa, ba daga bakinki ba.

Wannan ya kawo mu ga maigidanki, wanda a ganina shi ne mabuɗin al'amarin. Ban ga laifinsa ba da ya ƙi yi wa mahaifiyarsa musu a gabanki, ɗa na gari ba ya yin haka. Inda ya gaza shi ne da ya dawo gida ya ɗora miki nauyin haƙurin gaba ɗaya, alhali shi ne uban yarinyar, shi ne mai motar, shi ne kuma direban da doka za ta tambaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba, kuma rashin ɗaure yaro a mota yana cikin laifuffukan da jami'anta ke kamawa. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ba a bakin mota ba, ba kuma ranar da aka yi saɓani ba. Kada ki buɗe maganar da abin da Hajiya ta yi, domin da zarar ya ji sunan mahaifiyarsa a matsayin wadda ake ƙara, kunnensa zai toshe. Ki buɗe ta da tsoronki a kan 'yarsa, ki faɗa masa lissafin nauyin nan, ki roƙe shi ku kalli bidiyon gwajin karo da ake yi da 'yar tsana a hannun mutum, waɗanda suke da yawa a intanet. Maza da dama da ba sa jin bayani sukan yi tsit idan suka gani da idonsu. Sannan ki nemi abu biyu a wurinsa: shi da hannunsa ya riƙa ɗaura kujerar yana sa yarinyar a ciki, kuma shi ya keɓe da Hajiya ya shaida mata cewa umarninsa ne. Yana iya ce mata, “Hajiya, ku yi haƙuri, ni na ce a riƙa sa ta a ciki, doka ce kuma tsorona ne a kanta. Roƙona ku zauna kusa da kishiyar taku ku kula mana da ita.” Abin da uwa za ta ƙi daga suruka sau da yawa takan karɓe shi daga ɗanta, ko da da ɗan mita ne.

Wannan roƙo na ƙarshe ba dabarar baki ba ce kawai, aiki ne na gaske. Jaririyar da ke fuskantar baya tana buƙatar babban mutum a gefenta wanda zai riƙa duban fuskarta da numfashinta, ya gyara mata kai, ya yi mata fifita, ya miƙa mata yatsa ta riƙe. Wanda ke zaune a gefen ne take kallo duk tsawon tafiyar, kuma babu wanda ya fi kaka iya wannan. Idan ana ganin kujerar gaba ce ta girma, a tuna cewa sarakuna da manyan mutane a baya suke zama. Ranar rigakafi na gaba, na mako 14, ki roƙi Hajiya ta raka ku, ki kuma tambayi ma'aikaciyar jinya a gabanta, cikin ladabi kamar mai neman sani, yadda ya kamata a ɗauki jariri a mota. Idan akwai wata gwaggo ko aminiyar Hajiya da ta saba ganin jikokinta a irin wannan kujera, maganarta za ta yi tasiri fiye da dogon bayaninmu.

To, sai inda Hajiya ta yi gaskiya. Yarinyar da ke gumi, kanta na langaɓewa gaba, ba a sa ta daidai ba, kuma langaɓewar kan nan ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki, domin idan haɓar jariri ta sauka a ƙirjinsa hanyar numfashinsa tana matsewa. Yawanci hakan na faruwa ne idan kujerar ta miƙe da yawa. Ta ƙaramin jariri tana buƙatar kishingiɗa wajen digiri 45, wato rabi tsakanin zaune da kwance, kuma a gefen mafi yawansu akwai layi ko wata alama da ake daidaitawa da ƙasa idan motar tana tsaye a wuri mai shimfiɗa. Kada ki cusa matashi ko tsumma a bayan kanta ko ƙarƙashin jikinta domin gyara zaman, sai abin da ya zo tare da kujerar. Maɗauran su fito daidai kafaɗarta ko ƙasa da ita kaɗan, su kwanta ba murɗewa. Bayan kin ƙulle kin ja, ki sa babban yatsa da manuni ki gwada tsunkular maɗaurin a kan kafaɗarta: idan kin iya kamo shi ya ninku tsakanin yatsunki, bai ɗauru ba, ki ƙara ja har yatsun su zame. Idan kujerar tana da ɗan maƙalin ƙirji, wurinsa daidai hammata ne, ba kan ciki ba.

Gumin kuma mafi yawansa daga tufafi ne. Mun saba naɗe jariri da riga biyu da hula da safa da shawul ko da rana ta take, alhali zafin Birnin Kebbi a bazara yana haura digiri 40. Riga ɗaya ta auduga marar nauyi ta isa a mota. Da hunturu ma kada ki ɗaure ta a kan rigar sanyi mai kauri, domin kaurin yana lotsewa lokacin karo ya bar maɗauri sako-sako. Ki ɗaure ta tukuna, sannan ki lulluɓa mata bargo daga sama. Kada ki rufe kujerar ruf da mayafi don kare rana, zafi yake tarawa, gara a manna abin tare rana a gilashin gefe. Idan motar ta jima a rana, ki yafa farin tawul a kan kujerar, kuma kafin ki sa ta ki taɓa ƙarfen makullin da bayan hannunki, domin yakan yi zafin da zai ƙona cinyar jariri. Ki shayar da ita, ta yi gyatsa, ki sauya mata kunzugu kafin a tashi. Jariri mai ƙoshi da busasshen jiki, wanda ke ganin fuskar da ya sani, yawanci motsin mota kan sa shi barci, kuma ranar da Hajiya ta ga haka rabin gardamar ya ƙare.

Tun da kujerar ta gwanjo ce, dole a bincike ta. Ki juya ta ki nemi takardar da ke manne a gindinta ko bayanta, wadda ke ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri da ranar ƙira. Kamfanoni kan ba irin waɗannan kujeru wa'adin shekara 6 zuwa 10, saboda roba tana tsufa, balle a zafi irin namu. Ta Turai tana da tambari ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira da lambar R44/04 ko R129, ta Amurka kuma tana ambaton FMVSS 213. Ki cire rigar kujerar ki duba ko akwai tsagewa, ko farin tabo a jikin roba inda ta taɓa lanƙwasa, ko maɗaurin da ya fara zarewa, ki kuma tabbatar makullin yana yin ƙas idan ya shiga kuma ba ya fita sai an danna. Da lambar samfurin za ku iya samo littafin bayaninta a intanet. Raunin kayan gwanjo shi ne ba a san ko sun taɓa shiga haɗari ba, kuma kujerar da ta sha karo mai ƙarfi ba a sake amfani da ita ko da ido bai ga lahani ba. Saboda haka idan da hali, sabuwa ta fi kwanciyar hankali. Idan babu hali yanzu kuma wannan ta tsallake binciken, ku ci gaba da ita, domin ta fi cinya nesa ba kusa ba. Idan kuwa ta tsage ko maɗaurinta ya lalace, kada a kai wa tela ko mai gyaran roba, a sauya ta.

Ɗaura ta a mota aikin maigidanki ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fara da tono bel ɗin baya, domin a motoci da yawa makullansu sun nutse ƙarƙashin kujera ko rigar kujera ta rufe su. Ya bi da bel ɗin ta ramukan da aka yi wa alama, galibi da shuɗi a kujerun Turai. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 yawanci bel ɗinsu yana kullewa idan aka jawo shi har ƙarshe aka sake shi ya koma a hankali yana ƙara, kuma yawancin na 2003 zuwa sama suna da ƙarafa biyu a lungun kujerar baya da ake maƙala kujerar jariri idan tana da ƙugiyoyinsu. Bayan ya gama ya kama ta daidai inda bel ya ratsa ya girgiza: idan ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ya danna ta da nauyinsa ya ƙara ja. Idan yana shakka, ya biya ofishin hukumar kiyaye haɗurra da ke nan Birnin Kebbi ya nemi a duba masa.

Game da tafiyar Yauri, ku shida ne a motar mutum biyar, kuma wannan ita ce matsalar, ba kujerar ba. Hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yauri hanya ce ta manyan motoci, ita ce ma tafiyar da yarinyar ta fi buƙatar kujerarta. Mafita mafi sauƙi ita ce maigidanki ya biya wa ƙanwarsa da yaron kuɗin motar haya su tafi tare, ko kuma yaron ya jira wata tafiyar, ƙanwar ta zauna gaba, ke da Hajiya ku sa jaririyar a baya kowa da bel ɗinsa. Yaro ɗan shekara 8 ba ya zama gaba, ba a kuma ɗora shi a cinya. Idan duk wannan ya gagara, akwai hanyar da babu abin kunya a cikinta: ke da jaririyar ku zauna a gida, ki haɗa wa Hajiya tsarabarta da hannunki, ki raka ta har bakin mota, maigidanki ya shaida mata cewa zai kawo ku musamman bayan an gama rigakafin watannin farko. Jaririya 'yar wata uku ba ta da wani aiki a kan wannan hanya da ya wajabta a kai ta ba kariya.

Idan tafiyar ta tabbata, ku tashi da sassafe gari ya waye kafin rana ta yi zafi, kuma ku shirya wuraren tsayawa tun daga gida, a cikin gari inda akwai jama'a kamar Jega da Koko, ba a daji ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a jere a cikin kujerar, ƙarami irin taki ma gara a rage. A kowace tsayawa ki ciro ta ta miƙe jiki, ki shayar da ita, Hajiya ta ɗauke ta ta yi mata wasa son ranta. Ciro ta domin ba ta nono mota na tafiya kuwa, 'yata, wannan ki daina shi daga yau, domin a wannan lokacin ba ta da bambanci da wadda ke cinyar Hajiya, kuma muddin ana ganin kina yi ba ki da bakin hana wani. Idan ta yi kuka a tsaya, minti goma ba za su hana ku isa ba. Kafin wata shida nono kaɗai ya ishe ta ko da ana zafi, sai dai ki yawaita ba ta, ke kuma ki yawaita shan ruwa. Kada a bar ta a motar da aka kashe ko da za a shiga shago ne a fito, domin cikin minti goma zafin cikin mota na iya ƙaruwa da kusan digiri 11, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Idan kun isa a ciro ta a kwantar da ita rigingine a shimfiɗa, kujerar mota ba gadon barci ba ce.

Ranakun da maigidanki ba ya nan, irin wannan kujera mai mariƙi takan ɗauru da bel kaɗai a kowace mota mai bel a baya, don haka a motar haya kina iya biyan kuɗin wuri biyu. Keke Napep ba shi da inda za a ɗaura ta, kabu-kabu da goyo kuwa ki guje masa iyakar iyawarki. Na san mata da yawa ba su da zaɓi, amma ke Allah Ya hore wa gidanku mota, sai ku tsara ranakun asibiti da unguwa a kan lokacin da yake gari.

Mai yiwuwa ne ki yi duk wannan maigidanki ya ci gaba da noƙewa. Idan haka ta faru kada ki yi ja-in-ja da Hajiya a bakin mota da yarinya a hannu, kada kuma ki mayar da abin dalilin yaji. Ki rage fitar da ba dole ba muddin tana nan, ki ba da uzuri cikin ladabi a kan doguwar tafiya, sannan ki kai maganar ga wani babba da maigidanki ke jin nauyinsa, wansa ko kawunsa ko mahaifinki, a matsayin neman shawara a kan lafiyar yarinya ba ƙarar kowa ba. A duk tsawon wannan lokaci ki ƙara kyautata wa Hajiya a cikin gida, ki miƙa mata jikarta tun kafin ta tambaya, ki nemi shawararta a kan wanka da goyo da sauran abubuwan da ta fi ki sani nesa, domin ta gane cewa wuri ɗaya tak kika tsaya, wato cikin mota mai tafiya.

Ku kuma fara tanadi tun yanzu, ko da ta adashi ne, domin wannan kujerar ba za ta daɗe tana ɗaukarta ba. Yawancin irinta suna tsayawa a kilo 13, kuma idan saman kan yarinyar ya kusa kai bakin kujerar, saura ƙasa da santimita biyu da rabi, lokacin sauyawa ya yi ko da ba ta kai nauyin ba. Ƙafafunta su taɓa jikin kujerar mota ba alama ba ce, yara suna naɗe ƙafa ba tare da wahala ba. Wadda za ku saya nan gaba ku nemi mai juyawa baya da gaba, domin ta ci gaba da fuskantar baya har ta ƙara ƙwari. Ki gaishe mini da Hajiya, Allah Ya kai ku Yauri lafiya Ya dawo da ku lafiya.